Ruwa na kwanciya a filin shaguna, ga sito ana shirin ginawa: wace irin magudana za a yi?

Mai Sito:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar injiniyoyi da magina da ke wannan zaure, Allah ya saka da alheri.

Fili ne a bakin titin da ya tashi daga Ringim zuwa Gujungu, tsawonsa ƙafa 200, faɗinsa ƙafa 130, wato kusan mita 60 a mita 40. A gaba an riga an gina shaguna takwas a jere, an bar ƙofar mota a gefe ɗaya. Rufin shagunan har da baranda mita 32 ne a mita 7.5. Yanzu ana son a gina sito a can baya, mita 30 a mita 15, na ajiye riɗi da zoɓo da shanshera, sannan a zuba kankare a tsakar filin inda manyan motoci za su riƙa tsayawa, kimanin murabba'in mita 900. Ragowar za a bar shi da burji.

Matsalar ita ce tun da aka ɗaga titin, filin ya koma ƙasa da shi. In aka yi ruwa mai ƙarfi a watan Agusta, ruwan titi yana gangarowa ta ƙofa, ya haɗu da na rufin shaguna, ya kwanta kwana biyu ko uku. Daɓen shagunan santimita 15 kawai ya fi ƙasar filin tudu. Akwai lambatu a bakin titin, amma rabinsa yashi ne da leda. Magini ɗaya ya ce a zagaye filin da kwata ta bulo a haɗa ta da lambatun titi. Wani ya ce a haƙa manyan sokawe guda biyu, wato ramukan shanye ruwa, a cika su da dutse. Na uku ya ce a sayi injin ban-ruwa a ajiye, duk ranar da ruwa ya taru a zuƙe. Kafin a kashe kuɗi ina son a faɗa mini girman magudanar da ta dace, da kayan da za a yi ta da su, da kuma yadda za a tsare siton, domin riɗi ba ya wasa da laima.

Injiniyar Ruwa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada a sayi bulo ko ɗaya tukuna. Shawarwarin nan uku duk sun tsallake tambayar farko: ina ruwan zai fita, kuma wurin fitar nasa ya fi filinka ƙasa da nawa? Kwatar da ba ta da mafita kududdufi ce mai tsawo, sai dai ta siminti. Saboda haka aikin farko awo ne. In babu safiyo kusa, tiyon roba mai haske irin wanda magina ke ɗaukar lebur da shi ya isa, mita 20 ko 30, a cika shi da ruwa a fitar da iskar ciki tas, domin kumfa ɗaya tana ɓata awon. A kafa alama a jikin ginin shago, a auna komai daga gare ta: tsakiyar titi, gindin lambatun titi bayan an kwashe yashin, bakin ƙofa, kusurwoyin filin huɗu, da duk wani kwari ko kududdufi da ke kusa. Ka kawo mana alƙaluman.

Kafin nan bari mu ga yawan ruwan da filin kansa ke samarwa. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne cif. Amma ba duka ke gudana ba. Rufin kwano yana zubo da kusan kashi 95 cikin 100, kankare kusan 90, burjin da motoci suka danne kusan 60. Rufinka, na shaguna da na sito, murabba'in mita 690 ne, ya zama kamar 655. Kankare 900 ya zama 810. Burji 810 ya zama 486. Jimla kusan murabba'in mita 1,950.

Sai ƙarfin ruwan. A nan ake yawan kuskure, mutum ya ce ai ruwan shekara a yankinmu bai kai na kudu ba. Magudana ba ruwanta da jimlar shekara, abin da ya dame ta shi ne minti 15 ko 20 da sama ta fi tsananta. Ruwanmu na arewa a dunƙule yake zuwa, da iska da tsawa, ya zube cikin ɗan lokaci. Ni a lissafin fili irin wannan zan ɗauki milimita 120 a awa. A ninka 1,950 da 120, a raba da 3,600, ya ba da lita 65 a kowace daƙiƙa. Lita 3,900 ke nan a minti, kusan duro 20 mai cin lita 200. Wannan na filinka ne kaɗai, ba a sa na titi ba.

Da wannan alƙalamin za ka auna shawarwarin da aka ba ka. Injin ban-ruwa mai inci 3, irin na masu noman rani, yana jan kusan lita 1,000 a minti in komai lafiya. Kana bukatar guda huɗu suna aiki tare, da mutumin da zai tayar da su ƙarfe biyun dare cikin ruwa. Injin yana da amfani wajen kwashe ragowa bayan an ɗauke, amma ba shi ne tsari ba. Sokawe kuwa, ruwan sama na milimita 60 a dare ɗaya zai ba ka lita 117,000. Ramin da aka cika da dutse kashi 30 cikin 100 kawai na girmansa ke ɗaukar ruwa, sauran dutse ne. Kana bukatar rami mai kusan kubik mita 390 ke nan. Guda biyun da aka ce maka za su cika kafin ka gama rufe taga.

Kwatar kankare mai faɗin santimita 45 da zurfin 45, in ruwa ya kai santimita 30 a ciki, gangararta kuma santimita 1 a kowace mita 2, tana ɗaukar kusan lita 160 a daƙiƙa, gudun ruwan kuma kusan mita 1.2 a daƙiƙa. Ta ishe ka har da rara. Mai santimita 30 a 30 a wannan gangarar kusan lita 55 take ɗauka, ta yi wa reshe, ba ta yi wa babbar ba. Ko da lissafi ya yarda da ƙarama, ni ba na son babbar kwata ta gaza santimita 45, saboda shebur ya shiga ya juya. Kwatar da shebur ba ya shiga ba mai yashe ta.

Gangara ta fi girma muhimmanci a ƙasar Jigawa, domin shimfiɗe take. Wannan kwatar mai 45, in aka kwantar da ita ta koma santimita 1 a mita 5, gudun ya sauko kusan 0.75, nan ne iyakar da ruwa ke iya tafiya da yashinsa. In ta koma santimita 1 a mita 10, gudun ya faɗo kusan rabin mita, yashi ya fara zama, damina ɗaya ta cike. Irin abin da ya sami lambatun bakin titinku ke nan, ko da ba a zuba masa shara ba.

Rufin sito kada a bar shi ya zubo a gindin bango. Kowane ɓari murabba'in mita 225 ne. A sa masa makwararar kwano a bakin rufi, da bututun saukar ruwa mai inci 4 guda uku a kowane ɓari, tazarar mita 10, kowanne ya sauka kai tsaye cikin kwata. Kada a yi rufin da makwarara za ta zama a tsakiya a kan kaya, ranar da leda ko sheƙar tsuntsu ta toshe ta, kan buhuna za ta juye. Tankin tara ruwan rufi abu ne mai kyau don amfani, amma kada a lissafa shi cikin maganin ambaliya: milimita 20 a rufin sito lita 9,000 ne, tankin lita 10,000 ya kusa cika a ruwa ɗaya, kuma a Agusta kullum cike yake.

Tsohon Magini:

Injiniya ta gama da lissafi, Allah ya ƙara basira. Ni zan yi magana a kan hannu, domin kwata da yawa lissafinsu daidai ne, aikin ne ya kashe su.

Alhaji, fara duba ƙasar. Ka haƙa rami mai zurfin mita 1 a gaba, wani a baya. In jigawa ce, yashi-yashi, to da sauƙi, sai dai gefen rami yana ruftawa, kuma ruwa na kwashe ƙarƙashin kwata in ya sami kafa. In baƙar laka ce mai tsagewa da rani, wannan ita ce mugunyar, tana kumbura da damina ta motse da rani, ta karya kwata kamar kara. A irinta sai an ƙara haƙa santimita 30 ƙasa da gindin kwatar, a cika da burji hawa biyu, santimita 15 kowanne, a yayyafa ruwa a danne da injin dannewa. Dirka da ƙafa ko da gungume ba ya yi.

Maganar bulo: bulo mai inci 6 da rami a ciki kada ya zo kusa da wannan aikin. Mai inci 9 da aka cika raminsa da kankare, aka yi masa filasta mai kyau ciki, zai yi a reshen da ke bayan shaguna inda mota ba ta zuwa. Amma duk inda tayar tirela za ta matso, ko da ba ta hau ba, nauyinta na tura ƙasa ta ture bangon kwata ciki. Nan sai kankare da rodi. A fara shimfiɗa siririn kankare santimita 5 don rodi kada ya kwanta a ƙasa. Gindi santimita 15, bango santimita 15, rodi mai milimita 10 a lanƙwasa shi ya bi gindi ya hau bango biyun a tazarar santimita 20, a ɗaure da na tsawo. A sa 'yan ƙananan tubalan siminti a ƙarƙashi da gefe don kankare ya rufe rodin da santimita 4, in ba haka ba tsatsa ta ci shi ta fasa kankaren daga ciki.

Kwaɓi ɗaya, biyu, huɗu: buhun siminti ɗaya, wanda yake daidai da kwanon lebura biyu, sai kwano huɗu na yashi mai kaifi, takwas na tsakuwar dutse. Yashin kogi a wanke ko a tace in akwai laka. Leburori suna son su tsinka kwaɓi da ruwa don ya yi sauƙin zubawa, a tsaya a kansu, kankare mai ruwa-ruwa ba ya ƙarfi. Bayan an zuba a rufe da buhunan algarara a riƙa jiƙawa kwana 7 aƙalla. Wanda ya yi aikin a watan Maris ko Afrilu ya bar shi a rana ba ruwa, zai ga tsaga kafin sati. A kowace mita 6 a bar gaɓa, a sa siririn katako ko roba a cike da kwalta, don in zafi ya motsa kankaren ya tsage a inda aka tanada masa.

Gangarar kuma a gindin kwata ake ɗaukarta, da igiya da turaku a kowace mita 5, ba a saman ƙasa ba. Magini da yawa yana bin fuskar ƙasa da zurfi iri ɗaya, inda ƙasa ta lotsa kwata ta lotsa, sai ka ga ruwa ya tsaya a tsakiya sauro na ƙyanƙyasa. Kafin a biya kuɗin ƙarshe a juye duro biyu na ruwa a kan kwatar, a bi shi da ido har mafita. Duk inda ya kwanta ya fi faɗin tafin hannu, a gyara.

Inda mota za ta ƙetara, murfin ya zama kankare santimita 20, rodi mai milimita 12 a tazarar santimita 15 ta kowane ɓangare, ya zauna a kan bango da aƙalla santimita 10 kowane gefe. A yi shi gunduwa-gunduwa yadda mutum uku ko huɗu za su ɗaga da ƙarfe. Sauran wuraren ni na fi son a bar su a buɗe, sai gaban shaguna saboda jama'a da yara. Abin da ido ke gani shi ake yashewa.

Abu biyu da ake yawan mantawa. Kafin mafita a yi ramin tara yashi, santimita 90 a 90, ya fi gindin kwata zurfi da santimita 50, ruwa ya huta a ciki ya ajiye yashinsa. A gabansa a sa ragar rodi mai tazarar santimita 5, a kishingiɗe ba a tsaye ba, don in leda ta taru ruwa ya tura ta sama ya wuce ta ƙasa. Na biyu, zagayen sito a yi dakalin kankare mai faɗin mita 1, ya gangara waje santimita 2 a kowace mita, ruwa kada ya sami zama a gindin harsashi.

Ɗan Bakin Kogi:

Sannunku da ƙoƙari. Duk abin da aka faɗa na ruwan da ya sauka a kan filin ne. A wannan yankin akwai wani ruwan na daban, wanda ke zuwa ko da ranar ba a yi ɗigo a garinku ba. Kogin Hadejia ta Ringim yake bi, kuma ruwansa daga Kano yake tahowa, daga kogin Kano da na Challawa, inda dam ɗin Tiga da na Challawa suke. In damina ta yi nauyi dam suka cika suka yi ambaliya, ruwan yana isowa ne a ƙarshen Agusta zuwa Satumba, lokacin da ƙasa ta riga ta ƙoshi. Can ƙasa kuma ciyawar kachala ta cike hanyoyin ruwa da yawa, ga yashi, sai ruwan ya rasa saurin wucewa ya bazu. Kowa ya ga abin da ya faru a 2022 a Ringim da Taura da Auyo da Hadejia da sauransu.

Irin wannan ruwan ba kwatar da ke maganinsa, domin mafitar kanta a nutse take. Kwata ma ita ce za ta zama hanyar shigowarsa. Maganinsa tudu ne kawai. Alhaji, ka zaga maƙwabta ka nemi shaidar ruwa a jikin tsofaffin katangu da gindin bishiyoyi da turakun lantarki, ka tambayi dattawan wurin da mai unguwa inda ruwa ya taɓa kaiwa mafi nisa. A ɗauko wannan shaidar da tiyo a kawo ta cikin filinka. Daɓen sito ya ɗara ta da aƙalla santimita 40.

Game da sokawe ina ƙara wa maganar Injiniya ƙarfi. Ka leƙa rijiyar da ta fi kusa a watan Satumba. In guga na taɓa ruwa a mita 2 ko 3, ramin shanye ruwa ba shi da inda zai shanye zuwa, shi ma rijiya zai zama. Ana son gindinsa ya fi ruwan ƙasa na damina tudu da mita 1, ya nisanci gini da mita 5, kuma kada ya kusanci rijiyar sha. Ruwan sama kuma kada a kuskura a haɗa shi da sokawen banɗaki. A ɗaga bakin masai da murfin sokawe sama da shaidar ruwa, domin in ambaliya ta shiga ta fito da abin da ke ciki, cuta ce ga unguwa gaba ɗaya.

Katanga ma a kula. Mutane na zagaye fili da bulo su toshe ko'ina, suna ganin sun tsare ruwa. Ruwa mai zurfin rabin mita yana tura kowace mita ta katanga da nauyin kusan kilo 125. In ya kai mita 1, nauyin ya zama kusan kilo 500, ninki huɗu ba biyu ba. Katangar bulo da ba ginshiƙan rodi ba ta jure wannan, faɗuwa take yi gaba ɗaya, wani lokaci a kan mutane. Gara a bar rariya a gindinta a kowace mita 3, a gitta rodi saboda dabbobi, ruwa ya daidaita ciki da waje. Kayan a tsare su da tudun daɓe. Kuma in akwai tsohuwar hanyar ruwa da ta ratsa filin kafin a yi gini, a ba ta hanya ta gefe, kada a datse ta a tura wa na kusa.

A riƙa sauraron hasashen damina na NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, da na ambaliya na NIHSA, hukumar lura da koguna da ruwaye ta ƙasa, da suke fitarwa kowace shekara kafin ruwa ya sauka, suna ambaton ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari.

Mai Sito:

Na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. An yi awon jiya, an ɗauki ƙasar bakin ƙofa a matsayin ma'auni. Tsakiyar titi ya fi ta tudu da santimita 55. Gindin lambatun titi, bayan an kwashe yashi, santimita 20 kawai ya fi ta ƙasa. Bayan filin ya fi gaba ƙasa da santimita 70. Akwai tsohon kududdufi kimanin mita 80 a bayan katanga, gonar wani maƙwabci ce a tsakani. Shaidar ruwan 2022 a katangar maƙwabta ta fi ƙasar bakin ƙofa da santimita 40. Ƙasar gaba jigawa ce, ta baya laka. Injiniya, yaya ke nan?

Injiniyar Ruwa:

Madalla, Alhaji, yanzu magana ta fito. Lambatun titi ba mafitarka ba ne. Kwatarka za ta fara da zurfin aƙalla santimita 30, shi kuwa gindinsa 20 ne, kuma filin baya yake gangarawa. In aka haɗa su, ruwan titi ne zai bi kwatarka ya shigo, ka gina masa hanya da kuɗinka. A raba su kwata-kwata.

Ruwanka baya zai bi. Santimita 70 a mita 60 gangara ce mai kyau, kusan santimita 1 a kowace santimita 85, gudun zai haura mita 1.2 a daƙiƙa, zai wanke kansa kuma bai kai ya ci kankare ba. Babbar kwata ta bi tsawon filin, reshe ɗaya ya bi bayan shaguna ya kwaso ruwan rufinsu. Kankaren tsakar fili ya karkata wajen kwata santimita 1 a kowace mita, burji kuma santimita 2 zuwa 2.5, domin yana lotsawa.

Mita 80 ɗin nan su ne ainihin aikin. A zauna da mai gonar a gaban dagaci, a yi yarjejeniya a rubuce da shaidu, a bi iyakar gona ba tsakiyarta ba. In bai son buɗaɗɗiyar kwata, a binne bututun kankare mai santimita 45, da ɗakin dubawa mai murfi a tsakiya da kuma duk inda aka karya kwana. Kafin a haƙa a auna inda ruwan kududdufin ke kaiwa a Agustan da aka saba, bakin bututun ya fi shi tudu da santimita 30. A bakin a jera duwatsu da siminti tsawon mita 2, a dasa gamba ko jema a gefe, in ba haka ba ruwan zai ci gaɓar ya dawo baya yana cin ƙarƙashin bututun. A sa wa bakin murfin ƙarfe mai hinji a sama, wanda ruwan ciki ke turawa ya buɗe, na waje kuma ya danne shi ya rufe. A tambayi mutanen unguwa ina kududdufin ke amayarwa in ya cika. In gidaje ne a ƙasansa, to a haƙa wurin jinkirta ruwa a bayan filinka, mita 15 a 10, zurfin mita 1, gefensa a kishingiɗe, a zagaye shi da waya saboda yara, ya riƙa saki ta bututu mai inci 6 a hankali.

Yanzu sito. Ruwa a kwance yake, ba ya bin gangarar ƙasa. Shaidar da ta nuna 40 a ƙofa tana nufin a bayan filin ruwan ya kai santimita 110. Wato wurin da aka zaɓa wa sito shi ne mafi zurfi, kuma shi ne mai laka. In an dage sai can, daɓe zai tashi har mita 1.5. Shawarata a juya shi ya bi tsawon katangar gefe, ya fara mita 10 daga gaba ya ƙare a mita 40. Daɓen ya fi ƙasar bakin ƙofa da santimita 80, wato zai fi ƙasar wurin tudu da kusan santimita 92 a kansa na gaba, 127 a na baya. Wannan tsayin ya yi daidai da bayan tirela, in aka sa ƙofar lodi a rabinsa na baya, 'yan dako za su taka daga daɓe zuwa mota ba hawa ba sauka. Cikon zai kai kusan santimita 80 a ƙarƙashin dutse da kankare, kubik mita 360 bayan dannewa, a lissafa kusan 450 a sako, tifa 45 in mai cin kubik 10 ce. A zuba hawa-hawa santimita 15, a danne kowanne. Bangon da zai riƙe cikon ya zama bulo mai inci 9 cikakke da ginshiƙan rodi. A shimfiɗa leda mai kauri kafin kankaren daɓe, a haɗa bakinta da santimita 15, ita ke hana laima tasowa ta sa riɗi hunhuna. Buhuna a kan gadon katako, rabin mita daga bango.

A ƙofa a yi tudun kankare da ya fi bakin lambatun titi da santimita 20, hawansa da saukarsa a miƙe, santimita 1 a kowace 15, don motar da ke da lodi kada ta daki ƙasa. Kwalbatin ƙarƙashin mashigar kada ya gaza faɗi da zurfin lambatun kansa, domin ruwan titin gaba ɗaya zai ɗauka ba naka ba. Wannan ɓangaren na hukuma ne, a nemi izinin ma'aikatar ayyuka kafin a fasa komai.

Tsohon Magini:

Saura shagunan da aka riga aka gina, ranka ya daɗe. Daɓensu 15, shaidar ruwa 40, wato irin ruwan can zai shiga da santimita 25. In rufin na da tsayi, mafi kyau a ƙara daɓen da santimita 30 zuwa 35 a ɗaga ƙofofi. In ba hali, a kafa ƙarfe mai kwari a gefen kowace ƙofa biyu, a yanka allon ƙarfe ko katako mai kauri mai tsayin santimita 50, a manna masa robar tayar mota a baki da gindi, a riƙa zura shi duk dare daga tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen Satumba. Kada ya wuce santimita 60, in ruwa ya fi haka gara ya shiga da ya ture bango. A yi wa bangon waje filasta mai ƙarfi, siminti ɗaya yashi uku, har tsayin mita 1, a toshe duk kafar da bututu ko waya ta ratsa. Soket ya koma sama da mita 1.2, janareta a kan dakali.

Yasa kuma a ba mutum ɗaya ita a matsayin aikinsa, da shebur da baro da ƙugiyar ɗaga murfi. Iskar hunturu da ta bazara na cika kwata da yashi tun ba a yi ruwa ba, saboda haka a kwashe a watan Mayu, a sake bayan ruwan farko da na biyu da ke kwaso dattin rani, sannan ramin yashi da raga a duba su washegarin kowace kasuwa har damina ta wuce. Abin da aka kwaso a ɗauke shi nesa a ranar, in aka tara shi a bakin kwata ruwan gaba zai mayar da shi ciki.